Amsoshin Takardunku: Awa Nawa Ne Daga Barrow Zuwa Longyearbyen A Jirgin Sama?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, malamin makarantar firamare daga Gusau, ya aiko da takarda yana cewa ya ji an ce filin jirgin saman Barrow da ke Alaska shi ne na can ƙarshen arewacin ƙasar Amurka, na Longyearbyen kuma da ke tsibiran Svalbard shi ne na ƙarshen arewacin Turai. Ya ce ya duba taswirar da ke bangon ajinsa, ya ga ɗaya can ƙuryar hagu, ɗaya kuma sama da ƙasar Norwe, kamar rabin duniya ne tsakaninsu. Yana so mu gaya masa kilomita nawa ne tsakanin filayen biyu, awa nawa jirgi ke yi, kuma wane ne ya fara yin wannan tafiya.

AMSA: To Malam, mun gode da wannan takarda taka. Amsar a taƙaice ita ce, tsakanin filayen nan biyu bai wuce kimanin kilomita 3,400 ba, watau daidai da nisan Kano zuwa Jidda. Da akwai jirgin fasinja irin na zamani da ke bi kai tsaye, da awa 4 zuwa 4 da rabi sun ishe shi. Amma babu. Mutanen da suka fara yin tafiyar cikin 1928 sun yi awa 20 da rabi a sama, fasinjan yau kuwa, in aka haɗa da jiran jirgi, yakan daɗe fiye da su. Bari mu bi abin daki-daki.

Da farko taswirarka ce ta ruɗe ka, kuma ba laifinka ba ne. Duniya dunƙulalliya ce kamar lemo, in an shimfiɗa ta a takarda dole sai an miƙe samanta da ƙasanta, sai wuraren da ke maƙwabtaka da juna can arewa su zama kamar sun yi hannun riga. Ka sami ƙwarya ka kife ta. Tsakiyar bayanta ita ce Ƙuryar Arewa ta duniya, wurin da in ka tsaya, duk inda ka fuskanta kudu ne. Ka ɗiga alli a gefe guda kusa da tsakiyar, wannan Barrow ke nan. Ka ɗiga wani a ɗaya gefen, wannan Longyearbyen. Za ka ga hanyar da ta fi kusa ita ce ta bisa kan ƙwaryar. Lissafin ma ɗalibanka za su iya yi. Barrow tana kan digiri 71 da 'yan kai arewa, daga can zuwa Ƙuryar Arewa kimanin kilomita 2,080 ne. Longyearbyen tana kan digiri 78 da 'yan kai, daga can zuwa Ƙuryar kimanin kilomita 1,310. Da yake garuruwan biyu kusan suna fuskantar juna ne, Ƙuryar na tsakaninsu, sai ka haɗa, ka sami kusan 3,400.

Su kansu garuruwan ƙanana ne. Barrow, wadda tun 2016 mutanenta suka mayar mata da sunanta na asali, Utqiagvik, tana da mutane wajen 4,900 bisa ƙidayar 2020, akasarinsu 'yan ƙabilar Inupiyat. Babu titin mota da ya haɗa ta da sauran garuruwan Alaska. Kaya masu nauyi ta ruwa suke zuwa da bazara in ƙanƙarar teku ta saki, sauran kuwa duk ta sama. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu, sama da kwana 60, rana ba ta fitowa ko kaɗan. Longyearbyen kuwa gari ne na masu haƙar kwal tun asali, wanda wani attajirin Amurka mai suna John Longyear ya kafa cikin 1906, kuma mutanenta ba su kai 3,000 ba. Can rana takan ɓace daga ƙarshen Oktoba har tsakiyar Fabrairu, sa'an nan daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta ba ta faɗuwa.

Abin da ke tsakaninsu teku ne da ƙanƙara ta rufe. Har zuwa farkon ƙarni na 20 ba wanda ya san ko akwai ƙasa a tsakiyarsa. Shahararren matafiyin nan na Amurka, Robert Peary, ya ce ya hango wata ƙasa can nesa cikin 1906, har ya raɗa mata suna. Wasu masana kuma, bisa nazarin cikowa da janyewar teku, suka ce lalle akwai babbar ƙasa arewa da Alaska. Jirgin ruwa ba ya iya ratsa ƙanƙarar, karnuka masu jan kaya kuma ba sa iya kai mutum can su dawo da shi. Shi ya sa aka koma ga sama.

Waɗanda suka fara gwadawa ba su dawo ba. Ran 11 ga Yuli 1897 wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin mai suna Salomon Andree ya tashi daga arewacin Svalbard cikin babban balan-balan, shi da abokansa biyu, da nufin iska ta kai su Ƙuryar Arewa. Bayan kwana 2 balan-balan ɗin ya sauka kan ƙanƙara. Suka yi ta tafiya a ƙasa har ajali ya same su a wani tsibiri, kuma ba a gano gawawwakinsu ba sai cikin 1930, shekara 33 bayan tashinsu. Cikin watan Mayu 1925 kuma Roald Amundsen na Norwe, mutumin da ya fara isa Ƙuryar Kudu cikin 1911, ya tashi daga Svalbard da jirage biyu. Suka sauka kan ƙanƙara sun kusa digiri 88, jirgi ɗaya ya lalace, su shida suka yi sama da mako 3 suna sarar ƙanƙara don su gyara wurin tashi, da ƙyar suka dawo cikin jirgi guda.

Shekara ta zagayo, Amundsen ya sake shiri, wannan karon da jirgin balan-balan mai inji, mai tsawon sama da mita 100, wanda wani injiniyan Italiya, Umberto Nobile, ya ƙera kuma ya tuƙa. Sunan jirgin Norge. Su 16 suka tashi daga Ny-Alesund a Svalbard ran 11 ga Mayu 1926, kwana 2 bayan Richard Byrd na Amurka ya tashi daga wuri guda ya dawo yana cewa ya kai Ƙuryar Arewa, maganar da har yau masana ke gardama a kanta. Norge ta ratsa ta kan Ƙuryar ran 12 ga wata, bayan kamar kwana 2 da tashi suka hango gaɓar Alaska kusa da Barrow. Sai dai ba su sauka can ba. Hazo da iska suka yi ta wasa da su, ƙanƙarar da ta taru a jikin jirgin tana ɓallewa tana huda shi, har suka sauka a wani ƙauye mai suna Teller ran 14 ga wata. Sun yi wajen awa 72 a sama, sun ci kimanin kilomita 5,300. Su ne suka fara ƙetare wannan teku daga Turai zuwa Amurka.

Amma amsar tambayarka ta wanda ya fara tashi daga Barrow ya sauka Svalbard, mutum biyu ne: Hubert Wilkins, ɗan ƙasar Ostireliya, mai ɗaukar hoto kuma gwanin gane hanya, da direbansa Carl Ben Eielson, Ba'amurke ɗan asalin Norwe, wanda ya yi suna wajen kai wasiƙu ta sama a Alaska. Sun sha wuya kafin su dace. Cikin 1926 jiragensu suka yi ta lalacewa tun kafin a je ko'ina. Cikin Maris 1927 suka tashi daga Barrow, suka yi nisa cikin teku, inji ya ba su matsala, a hanyar dawowa mai ya ƙare. Suka bar jirgin kan ƙanƙara suka yi kusan mako 2 suna tafiya, wani wuri da rarrafe, kafin su kai gaɓa. Sanyi ya ci wa Eielson yatsa guda, sai da aka yanke.

Duk da haka ba su daddara ba. Wilkins ya sayi wani sabon ƙaramin jirgi ƙirar Lockheed Vega, jikinsa na katako, injinsa guda ɗaya tak. Maimakon tayoyi aka sa masa dogayen takalma masu sulɓi a kan dusar ƙanƙara. Filin jirgi kuwa babu shi a Barrow a lokacin, mutanen gari ne suka fito da shebur suka share musu hanya. Jirgin ya yi nauyi da mai, sai da suka gwada tashi ya ƙi har fiye da sau ɗaya. Ran 15 ga Afrilu 1928 ya ɗaga.

Ba su bi ta kan Ƙuryar Arewa ba, don Norge ta riga ta duba wannan layi. Suka karkata ta arewacin tsibiran Kanada da arewacin Girinlan, inda ba wanda ya taɓa gani, don su duba ko akwai ƙasa. Wannan ya ƙara musu tafiya, ta kai kimanin kilomita 3,500. Babbar wahalar ita ce gane hanya. Allurar kamfas, watau na'urar nuna arewa, ba Ƙuryar Arewa take nunawa ba, wani wuri dabam take nunawa, wanda a wancan zamani yake cikin tsibiran Kanada. In kana Kano bambancin kaɗan ne, amma in kana wucewa kusa da wurin, allurar sai ta yi ta juyawa. Don haka Wilkins ya dogara ga auna tsayin rana, wadda a wannan wata kusan ba ta faɗuwa can, yana rubuta wa Eielson 'yar takarda yana miƙa masa duk lokacin da za a sauya kan jirgi, saboda ƙarar inji ba ta barin a ji magana.

Bayan awa 20 da rabi suka hango duwatsun Svalbard, daidai lokacin da guguwar dusar ƙanƙara ta taso, mai kuma ya kusa ƙarewa. Eielson ya sauke jirgin a wani fili a bakin teku, ba ya ko ganin gabansa sosai. Kwana 5 suka yi cikin jirgin suna jiran guguwa ta lafa. Da za su tashi, takalman jirgin sun manne da ƙanƙara, sai Wilkins ya fita ya tura, kuma har sau biyu jirgin na tashi ya bar shi a ƙasa, Eielson ya kewayo ya sauka. A karo na uku suka tashi tare, cikin 'yan mintoci suka hango turakun gidan waya na Green Harbour, kusa da inda garin Rashawa na Barentsburg yake. Daga can Wilkins ya buga waya zuwa ga ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Amurka cewa bai ga yanyawa ba. Sun riga sun shirya da su cewa yanyawa na nufin ƙasa. Ka ji yadda aka kashe maganar sabuwar ƙasa a wannan yanki. In ka raba kilomita 3,500 da awa 20 da rabi, za ka ga gudunsu wajen kilomita 170 ne cikin awa guda, kashi ɗaya bisa biyar na gudun jirgin fasinja na yau.

Sarkin Ingila George na 5 ya ba Wilkins lambar girma a wannan shekara. Amma arewa ba ta bar mutanen nan haka ba. Wata guda bayan tafiyarsu, ran 25 ga Mayu 1928, wani jirgin balan-balan na Nobile mai suna Italia ya faɗi kan ƙanƙara arewa da Svalbard. Amundsen ya tashi daga Tromso a Norwe ran 18 ga Yuni don neman su, shi ke nan ba a sake ganinsa ba, Nobile kuwa aka cece shi. Eielson ya rasu cikin Nuwamba 1929 a Saberiya, yana kan hanyar kai ɗauki ga wani jirgin ruwa da ƙanƙara ta riƙe. Shi kansa filin jirgin Barrow sunan mamata biyu yake ɗauke da shi, Wiley Post, wanda ya fara zagaya duniya shi kaɗai a jirgin sama cikin 1933, da Will Rogers, shahararren ɗan barkwancin Amurka. Jirginsu ya faɗi 'yan kilomitoci daga garin ran 15 ga Agusta 1935.

To, tun da an nuna hanya tana biyuwa, me ya sa ba ta zama hanyar fasinja tsakanin garuruwan biyu ba? Dalili na farko siyasa ce. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Faris ran 9 ga Fabrairu 1920 ta ba Norwe mulkin Svalbard, amma ta hana a kafa sansanin yaƙi a can, ta kuma ba 'yan ƙasashen da suka sa hannu damar zama da haƙar ma'adinai. Tarayyar Sobiyet ta yi amfani da wannan dama, tana da dubban ma'aikatan kwal a tsibiran. Da Norwe ta shiga ƙungiyar tsaro ta NATO cikin 1949, duk lokacin da aka ta da maganar gina filin jirgi a Svalbard sai Sobiyet ta ce ba ta yarda ba, don tana zargin jiragen yaƙin Amurka za a kawo mata bakin ƙofa. Saboda haka mutanen Longyearbyen suka yi shekaru da dama in jirgin ruwan ƙarshe ya tashi da kaka, sai su zauna a yanke har bazara. Daga 1959 aka fara samun jiragen haya jefi-jefi suna sauka a wani kwari kusa da gari, shi ma sai da hunturu, lokacin da ƙasa ta daskare. Sai bayan an amince cewa filin na farar hula ne, kuma jiragen Sobiyet ma za su riƙa sauka, aka fara gini cikin 1973, aka buɗe cikin 1975. Shi ne filin da ya fi kowane kusa da Ƙuryar Arewa cikin masu karɓar jiragen fasinja a kai a kai. Haɗarin sauka a can bai ƙare da zuwan injunan zamani ba. Ran 29 ga Agusta 1996 wani jirgin Rasha ƙirar Tupolev, ɗauke da ma'aikatan kwal da iyalansu, ya daki dutse yana shirin sauka, duk mutum 141 da ke ciki suka rasu.

Dalili na biyu kasuwa ce. Hanyar kan duniya ta samu karɓuwa, amma don haɗa manyan birane. Ran 15 ga Nuwamba 1954 kamfanin SAS na ƙasashen Denmak da Norwe da Suwidin ya fara kai fasinja daga Kofanhegan zuwa Los Anjelis ta Girinlan da Kanada. Ran 24 ga Fabrairu 1957 ya buɗe hanyar Kofanhegan zuwa Tokiyo ta kan yankin Ƙuryar Arewa, ana shan mai a Anchorage, babban birnin kasuwancin Alaska. Wannan ya rage tafiyar daga awa 50 da wani abu zuwa kimanin 32. An bi ta nan ne don Sobiyet ta rufe sararin samaniyarta. Da yaƙin cacar baka ya ƙare wajen 1991, aka buɗe hanyar Saberiya sosai, jiragen fasinja na Turai suka daina yada zango a Anchorage. Cikin 2022 kuma, bayan Rasha ta shiga Yukren, aka sake rufe wa kamfanonin Yamma hanyar. Tafiyar Helsinki zuwa Tokiyo da take cin wajen awa 9 ta koma wajen 13, wasu jiragen kuma suka koma bi ta kan Svalbard da Alaska. Watau dai ana bin kusan layin su Wilkins, amma can sama, kimanin kilomita 11 daga ƙasa, ba mai sauka. Gari mai mutum 4,900 da gari mai ƙasa da 3,000, ɗaya yana kallon Amurka don abinci da asibiti da albashi, ɗaya yana kallon Norwe, ba su da fasinjan da za su cika jirgi ko sau ɗaya a mako.

Saboda haka in yau mutum na Barrow yana son zuwa Longyearbyen da tikiti, sai ya bi karin maganar nan ta hanyar lafiya a bi ta da shekara. Ga misalin hanya ɗaya. Daga Barrow zuwa Anchorage kimanin kilomita 1,160, kusan awa 2. Daga Anchorage zuwa Siyatil kimanin 2,330, awa 3 da rabi. Daga Siyatil zuwa ƙasar Aislan kimanin 5,800, awa 7 da rabi. Daga Aislan zuwa Oslo, babban birnin Norwe, kimanin 1,780, ƙasa kaɗan da awa 3. Daga Oslo zuwa Longyearbyen kimanin 2,010, awa 3, in kuma jirgin ya biya ta Tromso sai a ƙara. Jimla kilomita 13,000 da 'yan kai, kusan ninki huɗu na hanyar kai tsaye, da wajen awa 19 a sama. Ka ƙara jiran jirgi a wurare huɗu, da yiwuwar kwana a Oslo tun da jiragen Svalbard ba su da yawa a rana, ka ga an haura kwana guda, wani lokaci biyu. Wannan ma in hazo ko guguwa ba su sa an soke jirgi ba, abin da ba baƙo ba ne a filayen biyu.

Abu ɗaya da za ka ja hankalin ɗalibanka a kai shi ne agogo. Tsakanin Alaska da Norwe akwai bambancin awa 10, Norwe ce a gaba. Da mutum zai tashi Barrow ƙarfe 8 na safe ya yi awa 4 kai tsaye, zai tarar agogon Longyearbyen ya nuna ƙarfe 10 na dare, alhali in cikin watan Yuni ne rana na nan tsaye a duka wuraren biyu. Don haka in ka ga lokacin tashi da na sauka a jikin tikiti, kada ka ɗebe wannan daga wancan kai tsaye, sai ka fara daidaita agogon.

To Malam, in sun tambaye ka a aji, ka ce musu kilomita 3,400 ne, Wilkins da Eielson suka fara yin ta cikin awa 20 da rabi a 1928, jirgin zamani zai iya cikin awa 4 da 'yan mintoci, amma mai tikiti sai ya zagaya kilomita 13,000, don jirgin fasinja inda mutane da kasuwa suke yake bi, kuma inda gwamnatoci suka bar masa hanya.